Ranar da Kyamarata Ta Ƙi Tashi a Rogo

Duk inda na ce ni mutumin Daura ne, sai a ɗauko mini zancen rijiyar Kusugu da Bayajida. Sai na tsaya na gyara: tamu Daurar ta ƙasar Ƙaraye ce, nan yammacin jihar Kano, maƙwabtan Rogo, inda masara ce kuɗin mutum, rumbu kuma bankinsa. A can aka haife ni, a can na koyi riƙe kyamara, daga can kuma na hau babur wata safiyar Asabar ta shekarar 2014 na nufi ɗaurin aure a Rogo, jakata rataye a ƙirji, ban san abin da ke cikinta ba zai buɗe ido a ranar ba. Shekara goma ke nan da ɗoriya, amma har yau in na shaƙi ƙamshin sabuwar shadda da turare a cikin zafin hantsi, sai gabana ya faɗi.

Kafin kyamarar ta zo hannuna, yaron wani mai ɗaukar bidiyo ne ni a cikin garin Ƙaraye. Ina riƙe masa fitila, ina naɗe waya, daga baya ya fara sakar mini tsohuwar kyamararsa mai ƙaramin kaset. A wannan lokacin ne muka ga finafinan Kano sun sake kama: fuskar jarumi tas, bayansa kuwa ya narke kamar hazo. Da na tambaya aka ce ai yanzu da kyamarar hoto ake ɗaukar fim, irin ta Canon. Daga ranar abin ya shiga raina. Bayan girbin 2013 Baba ya sayar da buhunan masara, na haɗa da ɗan abin da na tara, na bi titin Gwarzo na shiga Kano, na sayo Canon 550D ta hannu. Samfurin ya fito tun 2010, megafiksel 18, tana ɗaukar bidiyo mai layi 1080. Babu kwali, babu takarda, balle garanti. Batir biyu, caja, da kati ɗaya.

Da na kawo ta gida Baba ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya ta, ya auna nauyinta a tafinsa.

"Wannan ɗan abin ne ya cinye masarar?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya yi jim, sannan ya tofa mata addu'a ya miƙo mini. "Allah ya sa hanyar halal ce. Ka riƙe ta da kyau, ba mu da wata."

Hoto kam ba a magana. Sautin ne ya hana ni sakat. Kamfanin ya sa mata wata dabara da take daidaita ƙarfin sauti da kanta, kuma a wannan samfurin babu inda za ka taɓa ka kashe ta. In maroƙi ya ɗaga murya sai ta danne. In aka yi shiru sai ta ɗauka ita ce ba ta ji, ta buɗe kunne har ƙarshe, wani shuuu ya cika bidiyon kamar ana ruwa a kan kwano. Mu kuwa maganarmu cike take da tsayawa. Liman yana addu'a yana dakatawa a ce amin. Dattijo yana magana yana tsayawa ya haɗiyi yawu, ya nemo kalmar da ta dace. Duk wannan tsayawar, ruwa ne a kan kwano. Na ɗauki walimar sauka a wata makarantar allo, da aka sa faifan a gidan malamin sai ya karkato kunne ya ce, "Ɗan nan, ruwa aka yi ne ranar?" A tsakiyar hunturu aka yi saukar. Na sunkuyar da kai, na rasa amsa.

Ga kuma farar shadda. Mutum ya kashe kuɗi an yi masa aiki a wuyan riga, ya fito rana tsaka yana walƙiya, ni kuma allon kyamara ba ya ganuwa a cikin hasken nan. Sai na koma gida na tarar rigar ta zama farin fili, aikin ya ɓace, ko kuwa na rage haske fuskokin mutane su nutse cikin duhu. Sannan bidiyo in ya kai gigabayit 4, wajen minti 12 ke nan, sai ta tsaya da kanta ba sallama. Sau nawa malami yana tsakiyar wa'azi, ni ina tsaye ina riƙe da kyamarar da ta daina ɗauka tun ɗazu.

Wani matashi mai tace finafinai a wani ɗan shago kusa da titin Gidan Zoo ne ya ji kukana. Ya ce, "Malam, ka sa mata Magic Lantern mana." Na ɗauka irin filashin ɗin da masu gyaran waya suke yi ne a kasuwar Farm Centre, a goge ƙwaƙwalwar waya a zuba mata sabuwa. Ya yi mini bayani da sauri, hannunsa ɗaya yana kan kwamfuta, ni kuma ina gyaɗa kai. Abin da na riƙe shi ne, manhaja ce da ba Canon ce ta rubuta ba, kuma ba ta sa hannu a kanta ba. Wani Ba'amurke mai suna Trammell Hudson ne ya fara ta a 2009 saboda kyamarar 5D Mark II, kuma cikin abubuwan farko da ya gyara har da ciwon nan nawa na sauti. Daga baya masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka ɗora, suka faɗaɗa ta zuwa ƙananan samfura irin tawa. Kyauta ake ba da ita. Wannan ya ɗaure mini kai ƙwarai, don ban taɓa ganin abu mai amfani haka da ba a sayarwa ba. Ya zuba mini fitowar 2.3, wadda aka saki a 2012, a kan katina, ya duba ya ga manhajar Canon da ke cikin kyamarar 1.0.9 ce kamar yadda ake buƙata, ya rubuta mini matakai a bayan wata takarda. Na ce ya ƙarasa ladansa ya sa mini. Ya girgiza kai.

"Kyamararka ce. Hannunka ya kamata ya danna."

Akwai jimla ɗaya da ya faɗa a ranar wadda ta wuce ta gefen kunnena. Ya ce abin a kan kati yake zaune, ba a cikin kyamara ba. Na ji, ban fahimta ba, kuma kunya ta hana ni cewa ya maimaita.

A ɗakina na yi, da daddare, ba wuta, tocila a baki. Na cika batir tun da rana a shagon masu caji. Na juya maɓallin sama zuwa M, na shiga wurin sabunta manhaja, na yi bisimilla, na danna. Allon ya yi baƙi. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai minti ɗaya ba, amma a cikinsa na ga buhunan masarar nan ɗaya bayan ɗaya ana loda su a mota, na ga fuskar Baba. Gumi ya tsattsafo mini ana tsakiyar sanyi. Sai ga ƙananan rubutu sun fara gangarowa, daga ƙarshe aka ce na kashe na kunna. Na kashe. Na kunna. Ta tashi lafiya lau, kamar ba a yi komai ba. Na danna maɓallin nan mai hoton kwandon shara kamar yadda aka rubuta mini, sai ga wani sabon jerin umarni ya buɗe, shafi bayan shafi, abubuwan da ban taɓa zaton suna cikin ɗan akwatin nan ba. Ban runtsa ba sai bayan asuba.

Gaskiya zan faɗa, watannin da suka biyo baya na ji daɗin aiki irin wanda ban taɓa ji ba. Duk inda haske ya ƙone riga sai wasu layuka su fito a kan allo suna rawa kamar zanen jakin dawa, sai na rage har su ɓace, aikin wuyan riga ya dawo. Inda hoto ya zauna daidai sai ƙananan ɗigo su bayyana a gefen ido da bakin hula, na daina kintace. In bidiyo ya kai iyakarsa sai ta sake farawa da kanta, abin da ke salwanta bai wuce ɗan numfashi ba. Har bakin madatsar ruwa ta Challawa na je da yamma, na kafa ta a kan ƙafafunta, na sa ta tana ɗaukar hoto ɗaya bayan kowane 'yan daƙiƙoƙi, da aka haɗa sai ga rana tana gangarawa cikin ruwa a guje, kwale-kwalen masunta suna wucewa kamar kibiya. Yaran unguwarmu sun kalli wannan har suka haddace shi.

Amma sautin shi ne abin. Sanda biyu suka fito a saman allo suna hawa suna sauka tare da murya, na kashe dabarar nan ta kamfani, na sa ƙarfin sautin inda nake so, ya tsaya a nan.

Wadda na fara gwadawa da ita Kaka ce, mahaifiyar Baba. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta bayan la'asar, carbi a hannu. Da ta ga ina kafa kyamara ta ce, "Kai angon nan, me kuma za ka yi da tsohuwa? Ka je ka ɗauki amarenka." Na ce, "Ai ke ce uwargida, da ke za a fara." Ta yi dariya har ta yi tari. Na ɗaura mata ɗan makirfo a bakin mayafi, na ce ta ba ni labarin da. Ta fara da kogin Challawa kafin a tare shi, don ita a gefensa ta girma, kuma sai a 1992 aka gama madatsar. Ta faɗi yadda ake haye shi da rani ruwa iya gwiwa, da yadda yake cika da damina har a yi kwanaki ba a ga dangin da ke ƙetare ba. Ta faɗi fadamar mahaifinta, da ranar da aka kawo ta gidan nan tana kuka, da sunayen ƙawayenta waɗanda duk sun riga ta. Wajen minti arba'in. Takan yi magana ta tsaya, ta kalli ƙasa, ta ja carbi biyu ko uku, sannan ta ci gaba. Da na sa a kunne daren nan, sai na ji tsayawar tata tsaf. Ana jin ƙwayar carbi tana bugun 'yar'uwarta. Ana jin kaza, ana jin taɓarya can nesa a maƙwabta. Ruwan kwanon nan ya ɗauke.

Daga nan ne na fara zarcewa. Na ji labarin cewa tun 2013 masu manhajar sun buɗe hanyar ɗaukar ɗanyen bidiyo, wanda ba a matse ba, har manyan masu fim na duniya suna ta magana a kan abin da 5D Mark III take fitarwa. Na koma Kano aka sa mini sabuwar fitowa mai wannan. A tawa kyamarar kuwa, ramin katin ba ya iya rubuta fiye da megabayit ashirin da 'yan kai a daƙiƙa, don haka sai an ƙanƙantar da hoton sosai, ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta tsaya, kati ya cika, kwamfuta ta yi ta nishi. Ba abin da ya ƙara wa mai ɗaukar biki a ƙauye. Na yi ta taɓe-taɓe, ina kunna abin da ban san aikinsa ba. Da bazara ta kama jikinta yakan yi zafi a hannu. Sau biyu ta daskare ina cikin wasa da ita, na cire batir na mayar, ta dawo. Sai na ɗauka na gama sanin maganinta.

Ana saura 'yan makonni azumi, lokacin da aure yake yawa, aka ba ni aikin Rogo. Baffan amarya ne ya zo har gida, ya ba da rabin kuɗi. Ya ce, "Ɗaurin auren nan shi ne muhimmi. Uwar yarinya ta ce tana so ta ga komai." Wanda ba ɗan nan ba ne zai iya rasa nauyin wannan magana. Mata ba sa fitowa wurin ɗaurin aure. Suna cikin gida, abin da ke isa gare su sai muryar sanƙira da guɗa. Uwar da ta raini yarinya shekara goma sha takwas, da ita kanta amaryar, ba su da idon da za su ga lokacin da aka ba da ita, sai idon mai kyamara.

Daren Juma'a na dawo daga wani kamu a Ƙaraye a gajiye, kati a cike. Na ba ƙanena, wanda yake da laftof saboda makaranta, na ce ya kwashe mini ya share. Ina kwance barci ya fara ɗaukata ya leƙo.

"Yaya, na kwashe. Na ga wasu bairos a ciki ma, na goge maka su."

A lokacin kowane filashi da kowane kati da ya shiga shagon kwamfuta sai ya fito da cuta, kullum cikin gogewa muke. Ya ga wata jaka mai suna ML da wani fayil mai suna autoexec.bin, sunan da ya yi kama da na cututtukan da ya saba gani, ya yi abin da kowane mai hankali zai yi. Na ce, "Allah ya yi maka albarka," na juya na ci gaba da barci. Da safe na zura katin, na rufe, na sa a jaka. Ban kunna ba.

Na isa Rogo da wuri. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi da dardumai, motoci da babura sun cika layin. Ga goro da alawa a faranti an rufe da kyalle. Na gaisa da mutane, na zaɓi inda zan tsaya, rana a bayana, liman da waliyyi a gabana. Na ciro kyamarar, na tura maɓallin kunnawa.

Ba ta motsa ba.

Na kashe na sake kunnawa. Allo baƙi ƙirin. Na ce ba komai, na san wannan. Na cire batir na sa ɗayan, wanda na cika jiya. Shiru. Wani sanyi ya taso mini daga tafin ƙafa. Ina da wani ƙaramin kati da na ara a wurin abokina, na ce bari na gwada ko katin ne. Na buɗe murfi na canza, batir yana ciki. Shiru. To, ba katin ba ne ke nan, na wanke shi daga zargi, na mayar da babban tunda shi ne mai wuri. Na sake cire batir, na goge bakinsa da gefen riga, na hura ramin, na mayar. Shiru. Magani biyu suna hannuna a ranar, na gwada kowanne shi kaɗai, ban haɗa su a lokaci ɗaya ba.

Liman ya gyara murya.

Abin da na yi bayan nan, shekaru na yi ban faɗa wa kowa ba, in ban da baffan amarya. Na ɗaga matacciyar kyamarar na kai ta fuskata. Na tsaya kamar mai aiki. Wakilin ango ya nemi aure, waliyyi ya ce ya bayar, aka ambaci sadaki, aka ƙirga a gaban shaidu, ni kuwa ina kallon baƙin gilashi, ina ganin inuwar idona a ciki, yatsana yana ta danna maɓalli ko Allah zai sa. Wani abokin ango ya gyara hularsa ya yi wa kyamarar murmushi. Wannan murmushin har yau yana zo mini. Duka abin bai fi minti goma ba. Sai da na ji an ce a shafa fatiha sannan hankalina ya dawo, na zaro ƙaramar wayata na ɗauki hannaye suna sauka daga fuskoki, hoto dishi-dishi, yana rawa. Sanƙira ya ɗaga murya, guɗa ta tashi daga cikin gida.

Na jira mutane suka ragu, na ja baffan amarya gefe na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi kyamarar.

"Amma na gan ka kana ɗauka."

Na ce, "Ban ɗauka ba, Alhaji. Tsoro ne ya sa na ɗaga ta. Ku gafarce ni."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce na biyo shi, muka shiga zaure, ya aika aka kira uwar amarya. Ba ta fito ba, ta tsaya a bayan labule, ƙafafunta kawai nake gani da sabon lalle. Ya yi mata bayani a taƙaice. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "To, mu da muke ciki, me za mu gani ke nan?"

Ba wanda ya amsa. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ƙafafun suka juya.

Ban san yadda na tuƙo babur na dawo ba. Baba yana zaune a ƙofar gida, ya ga fuskata ya gane. Ya ce, "Ta mutu?" Na ce, "Ina jin haka, Baba. Ni na sa mata wani abu." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ƙanena yana tsaye a gefe, shi bai san da hannunsa a ciki ba, ni ma ban sani ba. Ran Litinin da asuba Baba ya miƙo mini kuɗin mota a naɗe, ya ce na kai ta a duba.

Mai gyaran dattijo ne, a wani lungu a Sabon Gari, tebur cike da gawarwakin kyamarori. Na kwance ta daga cikin ɗankwalin da na naɗe ta. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni wa ya taɓa katin daga ƙarshe. Sai ya cire batir, ya cire kati, ya ajiye su gefe, ya ɗan jira, ya mayar da batir shi kaɗai, ya kunna. Allo ya haska. Ta rubuta cewa babu kati a ciki.

Na zauna a kan benci, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Shi ne ya fahimtar da ni abin da matashin nan ya faɗa tun farko. Ya ce manhajar Canon tana nan a cikin kyamara, ba a taɓa ta ba. Abin da aka canza a cikinta alama ce guda ɗaya, wadda take ce mata duk sanda za ta tashi ta fara leƙa kati. Shi ma katin an buga masa hatimi a wani wuri da ba a gani. In ta ga kati mai hatimi, sai ta nemi fayil ɗin nan ta karɓi umarni daga gare shi. "Ƙaninka ya kori maigidan, ya bar hatimin a ƙofa. Sai ta zo ta tsaya tana ta sallama, ba mai amsawa, ita kuma ba za ta wuce ba." In ta daskare haka, ko ka canza kati ba ta sani ba, sai an cire batir. In ka cire batir ka bar katin, ta sake komawa ƙofar nan. Ya ce masu manhajar sun rubuta wannan gargaɗi ƙarara: kada a goge fayilolin da hannu, a yi wa katin fomatin gaba ɗaya. Sun kuma ce in ka buɗe murfin kati ka jira 'yan daƙiƙoƙi kafin ka zare, kuma in kana so ta tashi ba tare da manhajar ba, ka danne maɓallin SET lokacin kunnawa. Duka da Turanci aka rubuta, mai yawa, ƙanana. Ban karanta ba, kuma ban nemi wanda zai karanta mini ba. Ya ƙara da cewa na gode wa Allah irin wannan ce, don akwai wadda ake yi wa Panasonic GH2, ita a cikin ƙwaƙwalwar kyamarar ake rubuta ta, kuskure a can ya fi wuyar gyara. Na ciro kuɗi, ya ce na bar shi, na sayi kati na biyu.

Na koma Rogo na mayar da kuɗinsu. Na ce in Allah ya kawo haihuwa zan ɗauki suna kyauta. Baffan ya karɓa, ya yi godiya, ya rako ni har bakin babur. Ba su kira ni ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ƙanena kuwa sai bayan shekaru na faɗa masa, shi ma don ya tambaya ne. Laifin ba nasa ba ne. Ya faɗa mini abin da ya yi da bakinsa, ni ne ban san abin da nake ji ba.

Na cire manhajar, na yi rantsuwa a raina na gama da ita. Wata biyu na yi. Da azumi na ɗauki tafsiri a masallacin garinmu, na sa a kunne, ruwan kwanon nan ya dawo a duk inda malam ya numfasa. Bayan salla na mayar da ita. Amma wannan karon sai da na zaunar da wani malamin makarantar sakandare ya karanta mini bayanin daga farko har ƙarshe yana fassarawa, ina rubutawa a littafi. Katin manhajar na ɗiga masa jan farce, ba mai taɓa shi sai ni. Wani katin, wanda babu komai a kansa, yana cikin aljihun gaban rigata duk inda zan je. Ina kunna ta a gida, ina kunna ta a ƙofar gidan biki kafin na gaisa da kowa. Da na samu hali na sayi kyamara ta biyu. Da wannan tsari na yi shekaru, har da hawan salla bayan an ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta a 2019, rawuna farare tas a cikin rana, layukan nan suna nuna mini inda zan rage. Ba ta sake kunyata ni ba.

Yanzu yara masu tasowa sukan zo da tsofaffin Canon da suka saya ta hannu, su ce sun ji ni na san abin, ko ya dace su sa. Nakan tambaye su me yake damun su a kyamarar. In yaro ya kasa faɗa, ya ce dai ya ji an ce tana ƙara ƙarfi, nakan ce ya bar ta yadda take. Ko 600D da ta fito a 2011 Canon ta sa mata wurin daidaita sauti da hannu, sababbin kyamarori kuwa da yawansu da layukan haske da ɗigon nan suke zuwa daga kamfani. In kuwa ya nuna mini ciwo takamaimai, irin nawa na sauti, kuma kyamarar tasa ce ba ta aro ba, to ina ganin ya dace, don ni ta ba ni abin da kuɗina ba za su iya saya ba a lokacin. Sai dai ba na barin sa ya sa a makon da ya karɓi kuɗin mutane. Kuma kafin ya tafi sai na sa shi ya goge fayil ɗin da hannunsa, ya ga ta mutu a gabansa, ya tashe ta da kansa, sau biyu. Sannan na ba shi labarin labulen nan na Rogo, da ƙafafu masu lalle. Har yanzu in aiki ya kai ni garin, ta wani layin nake zagayawa.

Kaka ta rasu a 2016. Bidiyon nata yana wurare uku, don ban yarda da wuri ɗaya ba. Duk salla in 'yan'uwa sun taru akan sa shi, jikokin da ba su san ta ba su zauna a gaba. Baba ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, ba ya ganin allon sosai, sai ya sa a matso masa da lasifika kusa da kunne. Akwai wurin da take faɗin sunan wata ƙawarta da ruwa ya ci suna yara, sai ta tsaya, ta daɗe, ba abin da ake ji sai carbi. A sallar da ta wuce, da aka zo nan, Baba ya ɗaga hannu.

"Mayar da shi baya kaɗan," ya ce. "Wurin da ta yi shiru."